Fili a Bayan Kasuwar Dole

Da an roro wake, da aya ta bushe,
sai mu fara hallara ɗaya bayan ɗaya.
Ba wanda ya aika wa wani saƙo.
Fili ne kawai a bayan Kasuwar Dole,
bedi uku,
da dutse guda mai kama da tukunya a kife.

Ni nakan riga kowa.
Shekara bakwai ke nan da na cire kujerun baya,
na shimfiɗa katako, na ɗora katifa.
Buta a gindin giya, hula a kan madubi,
nan ne gidana har hadarin fari ya haɗo.

Girema na Gure yana isowa da tari,
shi da motarsa, ba ka sanin wa ya fara.
Ɗan Tani daga Tasawa, buhu a sama, kaji a ciki,
zakaransa ke tashinmu kafin ladan.
Igiyar shanya ɗaya gare mu,
ta tashi daga madubina ta ƙare a ƙofarsa.
In zai yi sammako zuwa Mirriya
sai ya kwance ta a hankali
kada rigata ta sha ƙasa.

Ba a wasa da ruwa a Damagaram.
Jarka biyu daga ɗan garuwa,
ga alwala, ga shayi,
abin da ya rage a ba lagireto, ita ma da ƙishinta.
Zuwera mai tuwo tana rubuta bashinmu
da alli a jikin safayata.
Bara wani yaro ya jingina ya goge shi da riga,
muka kwana gardama,
kowa na rantsuwa nasa ya fi yawa.

Ban san sunan matar Girema ba.
Na dai san jek ɗinsa yana zamewa,
na san ba ya shan kofi na uku,
na san in ya yi shiru da magariba
ba a tambayarsa, goro ake miƙa masa.

Bana wurin Agali ya zauna wayam,
sai tabon baƙin mai inda injinsa ke ɗiga.
An ce ya sayar da mota,
ya gina ɗaki biyu a Garin Malam,
da ƙofar ƙarfe, da fanka.
Muka ce madalla.
Shayin daren ya yi ɗaci, muka ɗora wa sukari laifi.
Wani baƙo ya zo zai faka a wurin,
Ɗan Tani ya ce masa akwai ƙusa.

Dare na tara aka ƙwanƙwasa gilas.
Agali ne, rawani a warware, tabarma a hammata.
Ya ce, "Rufin ya yi nisa da fuskata.
In na juya, ɗakin ba ya amsawa.
Kuma ba na jin minsharin kowa."

Ya shimfiɗa tabarmarsa a kan tabon man.
Girema ya leƙo, bai yi sallama ba,
ya ce, "Ina binka ƙullin sukari tun bara."
Sannan ya hura gawayi.

Yanzu da safe yakan koma gidansa
kamar mai zuwa wurin aiki,
ya bar tabarmar a rufin motata.
Jiya gabas ta yi duhu kaɗan.
Ɗan Tani ya fara ƙirga kajinsa,
Girema yana auna iskar taya da ƙafa.
Ni ban san wa zan bar wa tabarmar ba.
Na tambayi Agali,
ya ce in tafi da ita, ta ga hanya,
in maido ta in an roro wake.